Hular Kawu

Har yau in na bi ta layin 'yan gwanjo a kasuwar Batsari, warin sabuwar dila ya bugi hancina, sai raina ya ɓaci. Kawuna nake tunawa, ƙanen innata, da hularsa hana-sallah.

A layin nan ya saye ta, shuɗiya, da farin zane a goshi, harafin N ya hau kan Y. Bai yi boko ba. Bakin hular ya gani yana tare rana, shi kuwa wuni yake kan babur yana kai mutane Runka da Safana. Kakata ta tsani hular. "Ka rasa abin ɗorawa a kai sai murfin tukunya," in ji ta. Sai ya yi dariya, ya juya bakin baya, ya ta da sallarsa.

To ka san mu, cikin shanu muka tashi. Kowace saniya da shaidar mai ita a cinya, ta wuta. A wajenmu zane ba ya zama a banza, in ka ga alama to akwai mai ita. Daminar da aka fara kore mana shanu, gero ya soma fitar da kai, wata mata da ta kuɓuto daga daji ta ce ɗaya daga cikin 'yan bindigar yana sanye da hula mai irin zanen nan. Shi ke nan. Kafin la'asar gari ya ɗauka: shaidar mutanen daji ce, da ita suke gane nasu.

Matasan da ke sintiri suka tare Kawu a bakin rijiya. Yaran da ya sha goyawa kyauta ne, wasu ma jininmu ɗaya.

"Wa ya ba ka? Ta waye?"

"Wallahi a gwanjo na saya. Ku je ku gani, tuli guda ne."

Ko mutum ɗaya bai je ba. Wannan ne yake ƙona mini rai har gobe. Suka rufe shi da duka. Kakata ta fito ba mayafi tana roƙo, ba su fasa ba sai da mai gari ya iso. Kunnen Kawu na hagu ya mutu tun ranar. Aka daina hawa babur ɗinsa, ya sayar, ya koma Katsina yana dako.

Sai a sakandare na ji ma'anar zanen. Farkon sunan wani birni ne a Amurka, tambarin masu wata ƙwallo da ake bugawa da sanda. A kan wasan wasu aka kurmantar da mutum.

Yanzu ilimin halittu nake koyarwa. Nakan rubuta A, T, G, C a allo, in ce kowanne farkon sunan wani sinadari ne, jerinsu ne gadon da muka ɗauko daga iyaye, shi ke nuna ɗan uwanka. Duk yaron da ya ce, "Malam, wannan me take nufi?" ba na gajiya da ba shi amsa.

Da Sallar bana na je gaishe da Kawu. Na zauna ta damansa, na gaya masa abin da zanen yake nufi.

"Ashe ƙwallo ce," ya ce. "Su can gida, sun sani?"

Na ce sun sani. Ban gaya masa cewa 'ya'yansu irin hular suke sawa yanzu ba.