Kiran Fita Daga Kacalla

Ranar kasuwar Haɗeja ce, a ƙarshen damina. Bayan sallar asuba maza suka loda bandar kifi a kwale-kwale suka tafi, har da Baba. Aka bar mata da yara da tsofaffi. Ƙauyenmu ɗan tudu ne a tsakiyar fadama, wajen Baturiya. Idan ruwa ya cika, babu shiga babu fita sai a jirgi ko da iyo.

Ina aji huɗu a makarantar kwana, na zo dogon hutu. Da hantsi ina zaune a gindin goriba, a bakin hanyar shigowa gari. Ina karanta wani littafin Turanci da ƙawata Rifkatu, wadda babanta ke koyarwa a Haɗeja, ta ara mini. Labarin wani mai rufe fuska ne da ke bin ɗalibai da wuƙa, ɗaya bayan ɗaya, har saura yarinya guda. Ina son irin littattafan nan. Tsoron cikinsu na nesa ne, a gidaje masu bene.

Kaka, mahaifiyar Baba, tana kusa da ni tana gyaran koma, ragar kamun kifi.

"Malama Yagana," ta ce, "Baturen nan bai gaji da ke ba? Tun jiya kike kallon bakinsa."

"Saura kaɗan, Kaka."

"Saura kaɗan! Uwarki na can wajen banda hayaƙi na cin idonta, ke kina saura kaɗan."

Ban tashi ba. Na juya shafi.

Rana ta kusa tsaka sai burtu ya fito daga ciyawa. Maharbanmu sukan ɗaura kan burtu na itace a goshi, su lulluɓa da baƙin zane, su sunkuya suna tafiya irin ta tsuntsun har su kusanci dinya. Idan maharbi ya dawo daga daji yakan shigo gari a haka don yara su yi dariya. Babu wanda ya tsorata. Ya taho a hankali, yana caccakar ƙasa da baki, yana ɗagowa.

Tsoho Gaji, mai yi mana limanci, shi ya fara tarar sa. Yana dogara sanda yana dariya.

"Wane ne a ciki? Ka samo mana na miya?"

Adda ta fito daga ƙarƙashin zanen. Ƙarar kamar an sari kabewa. Sandar ta faɗi kafin shi.

Burtun ya wuce ta gabana, kusa sosai. Bai dube ni ba, goribar ta kare ni. Na ga bakin itacen a tsage, an ɗaure shi da jar waya. Na san wayar nan. A gabana Kawu Maina, ƙanin Inna, ya naɗa ta a wancan hutun. Tun da matarsa ta rasu wurin haihuwa Kawu yake kwana a daji, ana cewa yana magana shi kaɗai. Amma maharba suna aron burtu a tsakaninsu. Haka na gaya wa kaina. Ban ga fuska ba.

Kaka ta miƙe. Ban taɓa jin muryarta haka ba.

"Ruwa! Ku shiga ruwa!"

Ta watsa masa komar da ke hannunta. Komar ta sarƙe bakin burtun, ya tsaya yana yanka. Ita ba ta gudu ba. Ni na gudu.

Na ci karo da Inna a tsakanin rumbuna, hannunta duk toka. Ba ta ga komai ba, ihu kawai ta ji. Ta kama wuyan hannuna muka gangara. Mata suna faɗawa ruwa da goyo. Kowa ya kama nasa gefen, kamar yadda aka koya mana. Muka kutsa cikin kacalla, doguwar ciyawar ruwan nan da ta fi mutum tsawo, har ruwa ya kai mana haɓa.

Bari in yi bayanin abin da aka koya mana. Mu ba Hausawa ba ne tun asali. Kakanninmu suna da yarensu, sun zauna a fadamar nan kafin a san sunan garuruwan da ke kewaye. A zamanin kamun bayi, idan mahara suka zo, mutanenmu ruwa suke shiga. Maharan sukan tsaya a gaɓa su yi kira da Hausa, ko da Barbarci, ko da Fillanci, su ce an tafi, a fito. Don haka aka kafa doka biyu. Wanda ke cikin ruwa ba ya magana, ko raɗa, har ƙafarsa ta taka busasshiyar ƙasa. Kuma ba ya fitowa sai ya ji kalma ɗaya ta yarenmu, wadda baƙo bai sani ba. Yaren ya mutu. Ko Kaka ba ta iya gaisuwa da shi. Kalmar nan kaɗai ta rage, ana raɗa wa yaro ita a kunne idan ya fara iyo. Muna ce mata kiran fita. Ba a taɓa rubuta ta ba, ni ma ba zan rubuta ba.

Muka tsaya. Daga gari na ji ƙofar kwano tana bugawa. Kare ya yi haushi, ya yi ƙara, ya yi shiru. Wata tsohuwa da ba ta iya tafiya ta kira sunan jikarta, ta sake kira. Ba ta kira na uku ba.

Azahar ta yi, ba a kira salla ba. Matsattsaku suka kama mini cinya. Inna tana riƙe da ni, leɓunanta suna motsi. Na dube ta na so in ce mata, jar waya. Na tsara maganar a kaina. Na ga idan na faɗa kuma ba shi ba ne, na ɗora wa ɗan'uwanta jini. Kuma doka ta hana. Na ce bari in ƙara tabbatarwa. Ban san da me zan tabbatar ba.

Inuwar kacalla ta fara karkata gabas. Sai kiran ya zo daga gaɓa. An faɗe shi daidai, an ja ƙarshensa yadda ake ja. Muryar Kawu Maina ce.

Na ga fuskar Inna ta saki. Ta lumshe ido. Ɗan'uwanta ya dawo daga daji da bindiga, ya kori mugun, haka ta ɗauka. Haka kowa ya ɗauka. Dama da hagu kacalla ta fara motsi.

Na damƙi zanenta da hannu biyu. Na buɗe baki, ruwa ya shiga. Na girgiza kai. Ta zaci tsoro ne. Ta ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ta dafa kaina, ta yi mini alama in jira ta duba. Ko a nan ba ta karya doka ba. Ni ma ban karya ba.

Na ji tafiyarta a ruwa. Na ji ta fita gaɓa, zanenta yana ɗiga. Ta taka ƙasa, ta sami damar magana.

"Maina," ta ce. "Alhamdu lillahi."

Abin da na ji bayan nan ba zan faɗa ba. Waɗanda ke bayanta suka juyo da gudu cikin ruwa. Wata ta yi ihu, "Ku koma! Ku koma!" Ba duka suka komo ba.

Ya sake yin kiran. Ya yi ta yi, yana bin gaɓa, wani lokaci kusa, wani lokaci nesa. Babu wanda ya ƙara motsi.

Bayan la'asar na juya wa gari baya na kutsa arewa. Inda ƙafa ta kai ƙasa in taka, inda ba ta kai ba in yi iyo. Kacalla ta yanka mini hannuwa da fuska. Takalmi ya tafi, ɗankwali ya tafi. Agwagin ruwa suka tashi a gabana, na tsaya cik, don na san maharbi yana karanta tashin tsuntsu. Babu wanda ya biyo ni. Ban nemi kowa ba. Na ji kukan jariri a hagu, ban je ba.

Gab da magariba na ji kukan shanu. Na fita a wata ruga. Wata dattijuwa tana tatsa, ta gan ni ta ajiye ƙwarya. Ta tambaye ni daga ina. Ƙafata tana kan busasshiyar ƙasa, amma magana ta ƙi fita. Ta lulluɓa mini zane, ta cire mini matsattsaku da gishiri. Ɗanta ya hau keke ya kai labari Kirikasamma.

A littafin Rifkatu yarinyar da ta rage ta ɗauki makami ta koma. Ni na zauna a gefen wuta na sha nono.

Da safe mazanmu suka sami Kawu Maina zaune a kan turmi, a ƙofar ɗakin Inna. Ya cire burtun ya ajiye a gefe. Bai yi gardama ba. 'Yan sanda suka tafi da shi. Bai faɗi dalili ba, har ya mutu a tsare.

Baba ya tambaye ni sau ɗaya ko na gane shi tun farko. Na ce ban ga fuskarsa ba. Gaskiya na faɗa. Bai sake tambaya ba.

Kafin wata damina ƙauyen ya watse. Wasu suka koma Haɗeja, wasu Miga, mu muka zauna Jahun wurin ƙanin Baba. Ban ji an sake raɗa wa wani yaro kalmar ba.

Ga waɗanda muka rasa: Tsoho Gaji. Kaka. Iya Fanna, wadda ba ta iya tafiya. Kaltume da 'yarta. Ya Amsa. Inna. Maza sun haƙa kabari bakwai. Matan da suka yi wa Inna wanka suka ce takwas ne, cikinta ya kai wata biyar. Duk hutun nan ɗaki ɗaya muke kwana da ita. Ban lura ba.