Ranar da Baba Ya Zauna a Ƙofar Kango

Ina aji biyu a jami'a a Kano wani malaminmu ya tare ni a baranda, ya ce akwai wata jami'a a Turai da ke karɓar ɗalibai irina su ƙarasa karatunsu a can, har da ci da wurin kwana. Masu nema ba iyaka, waɗanda ake ɗauka 'yan tsiraru. Sakamakona ya kai. Abin da ya rage shi ne ɗan gajeren bidiyo, in nuna musu ko ni wane ne da inda na fito.

Inda na fito Kwanyawa ce, a ƙasar Karaye. Na je gida ana tsakiyar cirar gyaɗa, na yi wa Baba bayani. Shi abin da ya fahimta shi ne baƙi za mu yi. Na ce a waya kawai za su gani, ya ce ko ta waya ce ai gidansa za su shigo. Aka share gida har bayan rumbu. Inna ta fito da kwanukan da ko da salla sai an roƙe ta. Aka wanke shanun huɗa kamar za a kai su biki. Baba ya aika da babbar rigarsa Rogo wurin masu bugu, don a cewarsa na Karaye wasa suke yi.

Ranar ɗauka ya zauna kan buzu a zaure, ya dubi wayata ya kama gaisuwa: ina gajiya, ina iyali, yaya sanyi, yaya ɗalibai. Na ce, “Baba, lokaci kaɗan suka ba mu.” Ya ce, “To sai in faɗa wa mutane da magana ban gaishe su ba?” Da ya gama ya ce musu ga ɗansa nan amana, ba ya ƙarya, amma yana da baki, su yi haƙuri da shi. Na fassara maganar a ƙasan hoton, ban cire ko ɗaya ba.

Yayana, wanda ke sayar da kayan waya a kasuwar Rogo, shi ya kawo maganar wani mutum a Kano da sana'arsa ke nan, shirya wa ɗalibai hanyar fita waje. Ya ce kada in aika sai mutumin ya gani. Muka hau bene muka same shi cikin kwat, yana juyi a kujera. Ya kalli bidiyon yana 'yar dariya ta hanci. Gaisuwar Baba ce ta fi ba shi dariya, har da mayarwa baya.

“Wannan ai tallar rufin asiri ka yi,” in ji shi. “Wa zai ba ɗan mai shanu tallafi? Mutanen nan tausayi suke nema. Ku samo kango. A cire shanu, a cire rufin kwano. Tsohon naka ya sa tsumma ya zauna a ƙasa. Kai kuma ka fito ba takalmi, ka ce da fitilar ƙwai ka yi karatu.”

Tsohon naka. Wai Baba ke nan. Na ce masa da ƙwan sola na yi karatu, kuma ubana ba mabaraci ba ne. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, “Kai ke son tafiya ko ni?” Yaya ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur, na sauko daga benen nan zuciyata na tafasa.

Abin da mai kwat bai sani ba, mun ga wahala ta gaske. Akwai shekarar da ruwa ya ɗauke gyaɗa na fure, dawa ta ƙone a tsaye. Sau ɗaya ake ɗora tukunya a gidanmu har damina ta zagayo. Ko maƙwabcinmu na jikin katanga bai ji ba. Kullum Baba da wankakkiyar riga da hula yake fita masallaci, in an ce yaya gida ya ce sai godiya. Addu'arsa safe da yamma Allah Ya rufa asiri. Mutumin da ya ɓoye yunwar gaske, shi za a ce ya zauna ya yi ta ƙarya don wasu su ji daɗin sun taimaka? Na ce wa Yaya a mota ba da ni ba, na ɗauka magana ta mutu.

Ashe ba ta mutu ba. Ranar Asabar na sauka a Karaye na hau acaɓa zuwa gida. Tun kafin mu shiga gari na hango mutum zaune a ƙofar kangon da ke bakin hanyar rijiya, gidan wani da ya rasu iyalinsa suka watse. Sai da muka matso na gane shi. Baba ne, a ƙasa, cikin rigar da yake kwasar taki da ita, kansa ba hula. Tunda nake ban taɓa ganin kan Baba a waje ba hula ba. Yaya na tsaye a gabansa da waya yana cewa, “Baba, ɗan sunkuyar da kai. Yawwa, kamar abin duniya ya dame ka.”

Mata masu zuwa ɗiban ruwa suna kawar da kai suna ƙara sauri. Wani dattijo abokinsa ya tsaya da keke ya ce, “Malam, lafiya dai ko?” Baba ya ce, “Lafiya lau,” bai ɗago ba.

Ban san lokacin da na diro daga babur ba. Na fizge wayar daga hannun Yaya. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce ya ji kunya, ya rasa wanda zai yi wasan kwaikwayo da shi sai wanda ya haife shi, a bakin hanya, rana tsaka. Ya ce ni ne marar hankali, dama irin wannan ba ta zuwa sau biyu, girman kai zai sa in ƙare a Kwanyawa. Na ce in ƙare ɗin. Na cire hulata na miƙa wa Baba.

Ya karɓa ya riƙe, bai sa ba. Ya ce, “Kai, rage murya. Ba wanda ya tilasta ni. Yayanka ya ce haka suke so, na ce a yi. Wa ya san ni a can?”

Na ce, “A nan fa, Baba? Nan kowa ya san ka.”

Ya ce, “Na nan za su manta.”

Ban yarda ba. Na goge abin da Yaya ya ɗauka a gabansu, na koma Kano na aika da na farko, mai gaisuwa da babbar riga. Yaya ya daina amsa wayata har aka gama kaka.

Amsa ta zo da bazara. Sun gode, sun yaba, masu nema sun yi yawa, babu gurbi. Ba su faɗi dalili ba. Har yau ban sani ba ko bidiyon ne, ko kuwa akwai waɗanda suka fi ni ne kawai. Mai yiwuwa mai kwat sharri ya yi wa Turawan. Amma in na tuna shi yana mayar da gaisuwar Baba baya yana dariya, sai in ji raina ya ɓaci kamar yanzu aka yi.

Na je gida da kaina in faɗa wa Baba. Na same shi a gona yana sharar kara. Ya jingina da manjagara ya saurare ni har na gama. Na ce ba komai, zan ƙarasa a Kano, karatu duk ɗaya ne.

“Ni na ja maka,” ya ce. “Da ban yi ta kai riga bugu ba, da yanzu kana can.”

Na rantse masa ba haka ba ne. Na ce shi ya fi kowa yin daidai a cikinmu. Bai ko saurare ni ba. Ya ce, “Ka tambaya mini ko za su sake ɗauka baɗi. Zan sa a yaɓe wa kangon nan kai kafin ruwa ya sauka, kada ya ƙarasa rushewa.”