Motar Aro Zuwa Yola

Duk lokacin da ake hirar motoci a majalisa, akwai wata tafiya da take faɗo mini a rai, kuma ba na jin ko tsufa zai iya goge ta.

Lokacin ina saurayi ne, ina neman auren wata yarinya a unguwar Ɗan Iya. Mahaifinta tsohon ma'aikacin gwamnati ne, dogo, ga ciwon baya, ga ƙarancin magana. Magabatana sun je, ya ce zai yi tunani, tunanin nan kuwa ya ƙi ƙarewa. Ana nan sai ta gaya mini zai je Yola duba ƙaninsa da ba shi da lafiya, kuma ba ya iya zaman motar haya. Nan take na ce ni zan kai shi.

Sai da na fito na dubi motata na gane akwai matsala. 'Yar ƙarama ce ja, mai ƙofa biyu, cikinta kamar zai taɓa ƙasa, ga salansa mai ƙara. A cikin gari ta yi, amma ko tsakuwa ta taka sai ka ji a ƙugunka. Na garzaya Shadawanka wajen wani abokin aikina, Kirista, mutumin Tafawa Ɓalewa, na roƙe shi aron tasa. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya miƙo makulli. "Mutumina, ba ta da kyan gani, amma hanya abincinta ce."

Ashe gaskiyarsa. Mota ce mai faɗi, kujerunta kamar katifa. But ɗinta ya haɗiye buhun shinkafa da jakunkuna bai nuna ba. Da muka kama hanya, Baba, mahaifin yarinyar, ya miƙe ƙafafunsa son ransa. Injin ba ya ihu, amma da na zo wuce tirela sai ta miƙa ba gardama. Ramukan hanya kuwa lallaɓa su take yi. Kafin mu kai Gombe, mutumin da gaisuwa ma da ƙyar yake amsawa ya fara ba ni labarin zamanin da yake aiki a ƙauyuka. Bayan Kaltungo barci ya kwashe shi, bai farka ba sai a gadar Numan.

Da muka isa ya fito ya miƙe tsaye, ya dafa bayansa, ya ce, "Ikon Allah, kamar daga ɗakina na fito. Samari, ka iya zaɓen mota."

Kunya ta kama ni. Na ce, "Baba, ai ta aro ce."

Ya yi murmushi. "Na sani. Tun a Alkaleri na ga takardar coci manne a gilashi. Kuma jar nan taka, wa bai san ƙararta ba a layinmu? Amma wanda ya ajiye abin kwalisarsa saboda bayan tsoho, zai iya riƙe mini 'ya. Ka turo manyanka."

Saura kaɗan in rungumi motar nan.

Tun daga ranar, in zan sayi mota ba na tambayar gudunta. Nakan zauna a kujerar baya tukuna. Motar doguwar tafiya ba a ranar tashi ake gane ta ba, sai an isa, an ga yadda mutanen cikinta suka fito.