Ranar da Kalilu ya maƙale a rumbu

Ranar da ɗan aiken kotu ya shigo garin Babban Mutum a kan babur yana tambayar gidan Kalilu, rumbu mutumin ya faɗa. Bakin rumbun ƙarami, shi kuma ga tumbi, sai kai ya shige, ƙafafu suka tsaya a waje suna harbin iska. Matarsa Haulatu da ɗan aiken ne suka jawo shi, wando ya riga shi fitowa. Kaf unguwa an gani.

An yi dariya, amma tsoronsa ba na banza ba ne. Gona ɗaya gare shi, ta gado, ita ce tuwon yaransa. Zailani, ɗan baffansa mai fataucin awaki, ya taɓa kai shi ƙara a kanta, alƙali ya bai wa Kalilu gaskiya. Aka ce masa in wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce shiru, magana ta mutu. Wa'adi ya wuce. Kalilu ya ɗauka shari'a gawa ce, in an binne ba a tonowa. Ya kira makiyaya suka zauna masa da shanu don taki, ya dasa mangwaro a kan iyaka.

Sai ga sammaci. Zailani ya roƙi kotun gaba ta ƙara masa lokaci, wai yana Nijar aka rufe iyaka, ya rasa hanyar dawowa.

Daga nan Kalilu ya daina gama tuwonsa. Ko babur ɗin mai kifi ya ji, sai ya fara waigen rumbu. Yakan je gona ya tsaya yana kallon geron da ya fara fitar da kai, yana tunanin bakin wa zai shiga.

"Malam, ka ci abinci," in ji Haulatu. "In ka rame ma dai rumbun zai ɗauke ka."

"Ke wasa kike. In suka buɗe maganar nan, ina zan kai yaran?"

Ranar zama aka hallara a kotu a Daura. Alƙali ya ce ba a buɗe abin da aka rufe sai da dalili mai ƙarfi, kuma rufe iyaka ba ƙaramin dalili ba ne, in ya tabbata. Kalilu ya ji gonar tana zamewa daga ƙarƙashinsa. Zailani ya gyara hula yana murmushi.

"Kalilu, kana da ja?" in ji alƙali.

Kalilu ya miƙe. Ya dubi Haulatu, ya dubi ɗan baffansa, ya ce:

"Allah ya gafarta malam, ni ban san doka ba. Amma a tambaye shi ta ina ya bi ya zo sunan ɗana a watan da yake cewa yana Nijar, ya cinye min cinyar rago gaban liman. Ko iyakar ana buɗe wa ciki ne a rufe wa ƙafa?"