Shafin Da Baba Bai Rubuta Ba

Jama'a, a daren jiya na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba. Bari in fara gaya muku abin da ke gabana.

Sana'ata tsara littattafai a kwamfuta. Wata uku ke nan ina kan littafin mahaifina, Allah ya jiƙansa. Malamin gona ne, da hannu ya rubuta shi a kan itatuwan garinmu. Baba akwai son aike ko a rubutu, ba ya gama magana sai ya ce "duba shafi kaza". Duk na haɗa kowane nuni irin wannan da shafinsa, kana taɓa lamba za ta kai ka wurin. Saura guda. Ya rubuta: "Itacen da na dasa ranar sunan Uwata, duba shafi na..." bai sa lamba ba. Uwata ni ce, sunan mahaifiyarsa na ci. Na birkice takardunsa kaf, babu shafin, ban kuma san itacen ba. A gurbin lambar, kwamfuta alamar tambaya biyu take jera min. Laburaren da zai adana littafin ya dawo min da PDF ɗin har sau biyu, wai fayil na ajiya ba ya ɗaukar nunin da bai kai ko'ina ba. Jibi zan miƙa, kuma in an rufe shi ba a sake taɓawa. Goge layin ya fi sauƙi, amma hannuna ya ƙi.

To, a mafarkin ga ni a tsohon gidanmu da rana tsaka, bangon duk farar takarda. Kowace ƙofa da alamar tambaya biyu a samanta. Na ce a raina, ai sai an zagaya sau biyu, yadda nake sa kwamfuta ta bi littafi sau biyu kafin lambobi su zauna. Na zaga gidan, na sake zagawa, sai ga lambobi sun fito. Na tura wata ƙofa, sai kawai ga ni a gindin kukar bakin kasuwa. Na tura wata, ga tsamiyar makaranta, har da warin jemagunta. Ƙofa ɗaya ce ta ƙi lamba.

Sai kawai ga Baba tsugune a bakinta da malafarsa, jan biro a bayan kunne, yana wanke hannu da buta. Bai tsufa ba. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, wane shafi ne? Ka bar ni da aiki fa."

Murmushi kawai yake yi. Daga sama wata murya kamar ta lasifika tana ta maimaita, nuni bai kai ko'ina ba, nuni bai kai ko'ina ba. Haushi ya kama ni, na daka mata tsawa ta yi min shiru, ina magana da ubana.

Sai ya tura ƙofar. Babu itace a ciki. Fili ne fari fat, da ɗan rami a tsakiya, ƙasarsa a jiƙe. Ya zare biron ya sa a tafina, ya naɗe min yatsu a kansa kamar sanda yake koya min rubutu. Hannunsa da sanyin ruwa.

Ya ce, "Uwata, ni ba na rubuta itace sai na ga ƙarshen girmansa. Wannan bai gama ba."

Na buɗe baki in tambaye shi sunan itacen, sai na farka. Hannuna a dunƙule, babu komai a ciki. Na yi kuka sosai, rabona da jin an kira ni Uwata tun ranar da ya rasu.

Don Allah masu sanin mafarki, me wannan ke nufi? Bankwana ya yi min don in goge layin, ko biron da ya ba ni cewa yake in rubuta shafin da kaina? In rubutawa ne, me zan ce a kan itacen da ban taɓa gani ba?