Taɓaryar Malam Irmiya

Duk wanda ya yi sakandare a Haɗejiya a zamaninmu, in ka ce masa "layinmu", sai ya yi murmushi, don ya san Malam Irmiya ake nufi. Mutumin Filato ne, siriri, mai saurin fushi da saurin hucewa. Yana saurayi ya zo garin nan koyar da labarin ƙasa, kuma har ya yi furfura bai daina ƙorafin sauronmu ba. Amma kai kada ka kuskura ka kushe garin a gabansa.

Yana da ƙwallon taswirar duniya wadda ya ɗaura wa jan zare, ɗan sama da tsakiyarta. Sai ya ɗora yatsa a kan Haɗejiya, ya juya ƙwallon a hankali.

"Ku bi zaren," in ji shi. "Ga Injamena. Ga Yaman. Ga kudancin Indiya. Ga Tailan, masu shinkafar da iyayenku suke rawar jiki a kanta. Duk layinmu ɗaya da su, rana ɗaya ke dukanmu."

Muka taɓa tambayarsa, to me ya sa su ruwa ya ishe su, mu kuwa damina ba ta daɗewa? Ya harare mu kamar mun zagi mahaifinsa. Ya ce su teku na gefensu, mu Sahara ce a bayanmu, amma mu ta ƙasa Allah ya aiko mana namu. Ruwan da ya sauka a Kano da wanda ya sauka a duwatsun garinsu, duk gangarowa yake yi ya kwanta a fadamunmu. "Ku je Auyo ku ga shinkafa, sannan ku dawo ku yi mini surutun banza."

Abin da ya fi yin suna a kai shi ne taɓarya. Kowace shekara, wajen ƙarshen Afrilu, lokacin da bazara ke gasa mutane, sai ya ɗauko taɓaryar matarsa Dibora, ya kafa ta tsaye cikin yashin filin makaranta. Mu kewaye ta muna zufa muna gunaguni. Inuwarta ta yi ta gajarta, ta yi ta gajarta, can kafin kiran azahar sai ta shige ƙarƙashinta ta ɓace ɗungurungum. Nan Malam zai daki ƙirji ya ce, "Rana tana tsakar kanmu! A Landan duk dukiyarsu ba su taɓa ganin wannan ba. Ko Misirawan Alƙahira sai dai a ba su labari." Wallahi a wannan lokacin ji muke yi duniya a kanmu aka daidaita ta.

Bara ya yi ritaya. Mama Dibora ta riga ta rasu, a nan aka binne ta. Hawan jini ya sa shi gaba, likita ya ce ya guji zafi. 'Yarsa Abigail, ma'aikaciyar jinya a Jos, ta ce magana ta ƙare, za ta zo ta ɗauke shi ya koma inda ake barci da bargo. Ba wanda ya ga laifinta. Shi ma bai musa ba, sai dai ya rage fita, har ya daina yi wa yaran unguwa faɗa, abin da ya fi tayar mana da hankali.

Ranar da ta sa motar kaya ta zo, ashe ranar taɓarya ce. Ni Jannatu da nake ba ku labarin nan ban shirya komai ba. Abin da na yi kawai, na faɗa wa Umma mai markaɗe, kuma wanda ya san Umma ya san gari ya ji.

Hantsi bai gama dubawa ba layin gidansa ya cika. Tsofaffin ɗalibansa ne, daga Miga, daga Auyo, wasu da taɓon gona a ƙafa. Hamman masunci ya taho tun daga Baturiya a babur, da taɓarya ɗaure a baya. Alhaji Bala mai shagon sola ya zo da tasa, yana rantsuwar zai kafa wa Malam fanka kafin magariba. Kowa ya kafa tasa a yashin titi, ko'ina sai taɓare a tsaye.

Abigail ta fito da shi a ƙarƙashin laima, ranta a ɓace. "Baba, zafin nan zai kwantar da kai."

Ya daɗe yana kallon titin. Sannan ya ce, "Ruwan garinmu ma nan yake gangarowa, Abigail. Ni da shi hanya ɗaya muka biyo. Uwarki kuma tana nan."

Abigail ta miƙa mini laimar, ta nufi motar, ta yi ta ɗaga katifa da tukwane har ta zaro taɓaryar mahaifiyarta. Ta ce wa direba ya sauke sauran. Ta zo gaban uban ta durƙusa, ta kafa ta a yashi, hawaye na zubo mata.

Malam ya sunkuya, ya rufe ido ɗaya, ya duba ta daga sama har ƙasa.

"Ta karkace," in ji shi. "'Yar Haɗejiya guda, ba ki iya kafa taɓarya ba? Gyara maza, rana ta kusa."