Tsingaron Gidan Mai Gari

Ko na manta duk wahalar da na sha a Riyad, ranar da na gyara tsingaron Dakta ba za ta fita raina ba.

Lokacin ina shara a wata jami'a, daga unguwar Al-Badi'a nake zuwa kullum, jiki duk a mace. A ofisoshin da nake gogewa akwai na Dakta, wani dattijo malamin tarihi, wanda ya yi shekaru yana tonon kufai a gaɓar tekun Meziko. Ran nan na tarar da teburinsa cike da farantai, kowanne da tsingaro a ciki, masu ado da marasa ado duk a cakuɗe. Ni kuwa ɗan mai ginin tukwane ne, a Mirriya na tashi, sai abin ya tsaya mini a rai. Na zauna na ware su tsaf, masu zane gefe guda, na girki gefe guda. Har daɗi nake ji, wai na yi abin kirki.

Da ya shigo bai yi faɗa ba. Kujera ya ja ya zauna, ya dafe kai. Ya ce aro aka ba shi, kuma kowane faranti daga daɓen gida ɗaya aka kwaso shi. Masu gidajen nan sun rayu tun kafin al'ummar Maya, sama da shekara dubu uku da suka wuce. Da farantan nan yake son gwada ko gida guda ne ya fi tara kwanonin biki, don ta haka ake gane inda sarauta ta faro. Ga shi na haɗe gidan babba da na talaka. Ni dai ikamata, takardar izinin zamana a ƙasar, kawai nake tunani.

Ya tambaye ni yadda na rarrabe su. Na ce, "Dakta, innata ma iri biyu take ginawa, na kasuwa da na gidan mai gari. Hannu ne ke gane su."

Ya yi wata gajiyayyiyar dariya, ya ce shi sai da ya yi furfura ya gane haka.

Da maganar ta kai sama ya roƙar mini, amma kamfanin da ya ɗauke mu ya mai da ni wankin banɗaki, shekara biyu cur. Tun daga ranar ba na taɓa abin da ba a sa ni ba. Na kuma gane cewa tun zamanin mutanen can akwai mai sha a kwano mai zane, akwai mai wanke shi, ni kuwa na san layina.